Jan Zaren Baba Mai Gas

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu da hantsin wata Talata a ƙarshen damina. Kafin a dawo daga maƙabarta tabarmin gidanmu na Kakuri sun ƙare. Aka aro na masallaci, wani fasto kuma ya aiko da bencina daga Unguwar Boro a bayan a-kori-kura. Maza suka cika ƙofar gida har bakin kwata, mata suka cika tsakar gida. Ga tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa, ga 'yan Makera da Tudun Wada, ga matan Filato da Binuwai da na sani a fuska ban san sunansu ba. Duk wadda ta durƙusa gaban Inna, uwar mijina, sai ta yi mata ya haƙuri, a shafa addu'a, daga nan hira ta koma kan abu ɗaya, wato hancin Baba.

Wata ta ce yana cikin bas aka wuce ta bayan gidansu, ya sa direba ya tsaya, ya sauko ya gaya mata tiyon murhunta ya tsage. Daga waje muna jiyo wani tsohon masinja yana rantsuwa cewa Baba yana bambanta gas ɗin da ya kwana yana zuba da wanda ya fara yanzu. Wani ya ce ai irin wannan hanci baiwa ce, an binne ta ke nan. Labarin mamaci kamar kunu yake, yana hucewa yana ƙara kauri, kuma ba wanda ya ga laifin haka.

Ni ina zaune kusa da Inna ina amsa gaisuwa, kaina a ƙasa. Ni ce matar ɗansa na fari. Abin da na sani, wanda ya hana ni sakewa in yi kuka kamar kowa, shi ne hancin nan da ake yabo ya riga mai shi mutuwa da shekara huɗu. A zatona mu uku muka sani: ni da Inna da maigidana. Kwana biyu kuma kafin Baba ya cika ya bar mini wasiyya in faɗa wa mutane. Inna ta ce kul, ba za a tona asirin mijinta yana kwance a kabari ba. Haka na wuni tsakanin wasiyyar mamaci da umarnin mai takaba, duk wanda ya ambaci hanci sai Inna ta ɗan taɓa gwiwata.

Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba. Suruka ba ta kiran sunan uban miji, ba ta cin abinci a gabansa, in ta hango shi a lungu takan canja hanya. Unguwa dai Baba mai gas take ce masa.

Ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin fita, wato gyaran inji, a wata masaƙa ta Kakuri, wajen tukunyar tururi. Tun kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi, ya fara gyaran murhun gas da yamma. A lokacin nan matatar mai ta fara aiki, tukunyar gas ta shiga gidajen ma'aikata, kowace amarya tana so a ce ba ta hura wuta. Mutane suka sayi abin ba su san halinsa ba. Wani ya ɗaure tiyo da tsumma, wani in yana zargin zuba sai ya ƙyasta ashana ya bi tiyon da ita don ya gani. Irin waɗannan Baba yakan ce musu, "Kananzir yana ba ka lokacin ihu. Gas ko lokacin salati ba ya ba ka."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwatin ƙarfe ne a bayan keke, da sifana biyu, da allurar tsefe bakin wuta, da gwangwanin madara mai ruwan sabulu, da gashin kaza guda, da ƙullin jan zare da ya fito da shi daga masaƙa. In ya shiga kicin ba ya taɓa komai tukuna. Sai ya cire hula, ya durƙusa, ya kai hancinsa dab da siminti, don ya ce gas yana da nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa. Daga nan ya tsoma gashin kaza a sabulu ya shafa duk wata mahaɗa, ya zuba ido ko kumfa zai kumbura. Sai a ƙarshe yake kunnawa ya kalli wutar. Shuɗiya lafiya ce. In ta yi rawaya tana baƙanta gindin tukunya, to tana ƙorafi, sai a tsefe ta.

Hukuncinsa kala uku ne. Ko ya ce "Dafa," ko ya ce "Dakata" ya gyara, ko kuma ya yi shiru ya zaro jan zare ya ɗaura. Murhu ko tukunyar da ta sha jan zare ta gama aiki. Kuma Baba bai yarda da alkawarin ɗan Adam ba, saboda haka sai ya kwance regileta, kan nan da ake ɗaurawa bisa tukunya wanda ba a kunna murhu sai da shi, ya jefa a akwatinsa ya hau keke. Kuka ko zagi ba su taɓa sa ya dawo da ita ba.

Ba zan ce ba shi da laifi ba don ya mutu. Baba yana da taurin kai, yana da kaifin harshe, kuma yana ji da hancinsa fiye da yadda attajiri ke ji da motarsa. Tun daga zaure yakan ɗaga murya ya ce, "Kuka aka kaɗa, daddawa ta yi kaɗan, shinkafar wani kuma ta kama." Inna ta ce, "To, sarkin hanci, a bari mu ma mu ɗanɗana da bakinmu." Shi kuwa ya shigo yana murmushi kamar ya ci gasa.

Cikin masu kuka ranar Talatar nan ba wadda ta kai Maman Tagwaye, wata 'yar Binuwai mai sayar da abinci, kuma ita ce ta fi kowa zagin Baba yana raye. Ana jibi Kirsimati ta kira shi gidanta a Unguwar Boro ya tsefe mata bakin wuta kawai, don tana da baƙi daga gida kuma ta karɓi girkin coci. Ya tsefe. Da ya zo tafiya sai ya karkata tukunyar ya leƙa gindinta, ya ƙwanƙwasa da sifana, tsatsa ta zubo ɓaro-ɓaro. Nan take ya zaro jan zare.

Ta ce, "Baba, abeg, kwana biyu kawai. Bayan Kirsimati ka zo ka ɗauka har da murhun."

Ya ce, "Tukunyar ba ta san Kirsimati ba, Maman Tagwaye."

Ta bi shi har bakin titi tana cewa mugunta ce, baƙin ciki yake da bikinsu, da a ce jajibirin Sallah ne ai ba zai yi wa Hajiya haka ba. Wannan maganar ta yi masa ciwo, don ya dawo gida bai ci tuwo ba. Da la'asar ya ɗaure rishon Inna biyu a keke, ya sa mai kura ya bi shi da itace da babbar tukunyarmu ta girkin suna, ya ajiye a ƙofarta ya juyo. Ta yi girkinta, ta dawo da kayan ba ko sannu, ta kuma shekara ba ta gaishe shi. Tukunyar aka mayar wa masu gas, ba wanda ya san abin da da zai faru. Inna ta yi mita, shi kuwa ya ce, "Aikinmu ke nan. In ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, to wa zai gode maka a kan abin da bai faru ba?"

Shekarar da aka canja kuɗi Baba ya yi wata mura mai zazzaɓi da ta kwantar da shi mako biyu. Ya warke ya koma aiki. Abin da muka lura kawai shi ne ya daina sanar da miya daga zaure, muka ɗauka girma ne ya zo. Ran Juma'a kuma yakan zuba turare har ya hau kai. Rannan tuwo ya ƙone wa Inna, ya cinye bai ce uffan ba, ta ce lallai ciwo ya koya wa malam haƙuri.

A lokacin ina da cikin fari wata biyar, hayaƙin itace yana tayar mini da zuciya. Ban faɗa wa kowa ba, amma Baba ya gani. Sai ga shi ya shigo da murhu mai kai biyu da ya saya na hannu, ya gyara ya yi masa fenti, da tukunya sabuwa. Ya ce da Inna, ina tsaye a wurin, "Ki gaya wa 'yar nan ta huta da hayaƙi." Haka yake mini magana kullum, ta bakin Inna, ko da tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ya ɗaura a ɗan kicin ɗina, ya durƙusa ya shaƙa, ya bi tiyo da regileta da sabulu, ya kunna wuta ta fito shuɗiya. Ya ce, "Dafa."

Yana fita na shiga, sai wari ya tare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai can ƙasa-ƙasa. Na rufe tukunyar, na buɗe taga, warin ya tafi. Na sake buɗewa, ya dawo. Maigidana yana aikin jirgin ƙasa, ya yi Arewa sai bayan kwana huɗu. Na samu Inna a ɗaki na gaya mata.

Ta ce, "Ciki ne, 'yar nan. Mai ciki ko ruwan randa wari yake mata. Ke yanzu hancin da duk Kaduna ke aro shi za ki gyara wa zama? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Duk da haka ban kunna ba. Kwana uku ina girki a murhun itace ina amai a bayan ɗaki, sabon murhu yana zaune da fentinsa. Baba yana wucewa yana ganin hayaƙi, kuma na san abin yana sosa masa rai, don kyautar da aka ƙi amfani da ita mayar da ita aka yi. A rana ta uku da safe Inna ta ga abin zai zama raini, ta shiga kicin ɗin ta buɗe tukunyar da niyyar ta ɗora ruwa da kanta don a ga an fara. Kafin ta ƙyasta aka yi sallama da rasuwa a maƙwabta, ta ja ƙofar ta fita, tukunya a buɗe, taga a rufe. Ni ban sani ba.

Bayan azahar Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida. Inna ba ta nan, ba bakin da zai ara. Ya yi gyaran murya ya ce wa iska, "Wataƙila tsoron kunnawa ake ji. Bari a nuna." Ya tura ƙofar kicin ya shiga. Ni na zo na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, kuma da yake a durƙushe nake, warin ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Na ɗaga kai na ga Baba tsaye a tsakiyarsa, fuskarsa a sake, yana girgiza kwalin ashana ya ji ko da saura.

Har yau ina jin kunyar faɗin wannan: na yi jinkiri. Ya zaro tsinke, ina tunanin me za a ce, suruka ta ƙaryata uban mijinta a kan sana'arsa. Sai da ya kafa tsinken a jikin kwali sannan na ga hannuna ya riƙe wuyan hannunsa. Ban taɓa ko haɗa ido da shi ba, ga shi na damƙe shi kamar ɓarawo. Na ce, "Baba, wari yake."

Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya sa ashanar a aljihu, ya rufe tukunya, ya tura taga, ya ce in koma can bakin rijiya. Da iska ta share ɗakin ya fito da murhun tsakar gida, ya kwance farantin sama, ya buɗe tukunya kaɗan, ya shafa sabulu a siririn bututun da ke ciki, inda ba a saba shafawa ba sai hanci ya yi zargi. Kumfa ya taso, ya kumbura, ya fashe, wani ya taso. Ya daɗe a tsugune yana kallo.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da aka ɗaura."

Ya ce, "Kwana uku." Sai ya miƙe ya shiga madafin Inna da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauko ƙullin daddawa ya kai hancinsa. Ya ja numfashi sau biyu. Ya mayar ya rufe. A lokacin na gane shi ma bai sani ba sai yau, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron da na ji ɗazu. Ya je ya buɗe akwatinsa, ya yanko jan zare. Na ɗauka murhun zai ɗaura wa. A hannun akwatin ya ɗaura, ya ƙulle sau biyu, ya shige ɗakinsa.

Mako biyu keke yana jingine. Ya so ya tsaya a masallaci ya sanar, Inna ta yi ta kuka tana cewa masaƙa ta sallame shi, in hanci ma ya tafi a bainar jama'a me ya rage masa, da wane ido zai bi layin nan. Maigidana ya goyi bayanta. Ya bar maganar sanarwa saboda su, amma bai yarda ya ci gaba kamar da ba. Da ya sake hawa keke, gidajen da ya ce wa "Dafa" tun bayan murar ya bi ɗaya bayan ɗaya, daga Kakuri har Gonin Gora, yana cewa ya zo ya sake dubawa. Ya kwance kowane murhu har ciki ya shafe shi da sabulu. A gida biyu ya samu zuba.

Daga nan aikinsa ya canja. Duk abin da za a iya ɗaukowa, gida yake kawo shi. In ya gama gyara sai ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya buɗe tukunya, ya yi gyaran murya ya koma zaure. Ni in fito in durƙusa in shaƙa. In lafiya, in kifa faifai a kai. In da wari, in ɗaura jan zaren da ya bar mini a kan taga. Bai taɓa cewa "Dafa" ba sai ya ga faifai. Da na haihu hancina ya koma irin na kowa, na ji tsoro, sai ya shiga koya mini ta bakin Inna. "Ki gaya wa 'yar nan ta fara daga ƙasa. Ki gaya mata in ta daɗe a wurin hanci yana sabawa, ta fita ta sha iska ta dawo." Inna tana tankaɗe tana cewa, "To ai tana jin ka, malam." Shekara huɗu muna haka, kuma ko sau ɗaya ba mu ambaci ranar ashana ba.

A gidajen da dole a duba a can kuwa wata dabara ya ɓullo da ita. In ya gama da sabulu sai ya kira matar gidan ya ce, "Zo ki shaƙa in ga ko kin iya." Ta durƙusa ta shaƙa, ya tambaye ta me ta ji, ya sa ta fita ta dawo ta sake. In ta ce ba komai, ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibarsa ta ci jarrabawa. Yakan dawo gida a gajiye ranakun nan, ba gajiyar keke ba. Mutumin da ya saba a tambaye shi, yanzu shi ke tambaya.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ana jibi zai cika ya ce a kira ni, Inna ta zauna a bakin gado don ta isar, ya ce mata, "Yau da bakina zan yi." Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce in matso.

Ya ce, "Akwai masu cewa Baba ya shaƙa, shi ke nan, ba sa ƙara dubawa. Akwai masu gyara da ke kwaikwayona, suna durƙusawa su shaƙa su ce lafiya. Hanci yana mutuwa mai shi bai sani ba, ni shaida ne. In na tafi ki faɗa musu. Kada a binne ni da hancin da ba nawa ba."

Na ce, "Baba, ku yafe mini riƙe hannunku da na yi."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Shekara huɗu ina neman bakin da zan aika ya ce miki sannu, ban samu wanda ya dace ba. Sannu, 'yata. Allah Ya yi miki albarka." Na fita ina kuka.

To ga ni ranar Talata, ga wasiyya, ga hannun Inna a gwiwata. Na kasa. Ran sadakar uku ma na kasa. Na riƙa gaya wa kaina ai ba a ƙayyade mini rana ba, alhali na san tsoro ne, irin wanda ya riƙe ni a bakin kicin.

Ran sadakar bakwai Maman Tagwaye ta zo da babban murhunta na sana'a da tukunyarsa, ta ce ita za ta dafa shinkafar, ba wanda ya isa ya hana ta. Aka kafa a tsakar gida, mata sun kewaye da tire da albasa. Kafin ta kunna ta ɗaure zani, ta durƙusa da ƙyar don tana da jiki, ta kai hancinta ƙasa. Ta kaɗa sabulu a kofi ta shafa. Sai ta dube ni ta ce, "Amarya, zo ki shaƙa. Hanci biyu ya fi ɗaya." Har yau amarya take ce mini, da 'ya'yana biyu.

Na durƙusa kusa da ita na shaƙa. Lafiya lau. Ina nan a durƙushe, a daidai yadda na saba yi masa, na ji ba zan iya tashi da maganar a cikina ba. Na ce, da muryar da duk tsakar gidan za ta ji, "Baba ya bar saƙo. Ya ce in gaya muku shekara huɗu ke nan ba ya jin wari ko ƙamshi. Ya ce kada kowa ya dogara da cewa ya taɓa shaƙa masa murhu."

Wuƙaƙen yankan albasa suka tsaya. Ban yarda na dubi ƙofar da Inna ke zaune ba.

Maman Tagwaye ta share hannunta a zani ta ce, "Amarya, ai mun sani."

Ta ce ranar da ya dawo sake duba sabuwar tukunyar da ta saya bayan waccan ta Kirsimati, wake yana ƙonewa a risho dab da ƙafarsa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga, shi kuwa yana ta shafa sabulu bai ɗaga kai ba. Da ya ce ta zo ta shaƙa ya ga ko ta iya, sai ta gane. "Na shaƙa masa da gaske, har sau uku. Daga ranar na daina fushi. Wane mai gyara ne zai dawo da ƙafarsa ya ce bari in sake dubawa?" Wata Hajiya daga Makera ta ce ita a turare ta gane. Wata ta ce ita ba wanda ya gaya mata, ta dai ga yadda yake kallon fuskarta in tana shaƙa, ba kallon mai jarrabawa ba ne.

Na ce, "To labarin bas fa, da duk abin da kuka yi ta faɗa ran Talata?"

Ta ce, "Na bas gaskiya ne, tun da can ne. Sauran kuwa don Mama, Innarku, muka faɗa. Mutumin da ya rufa mana asiri, mu ne za mu tona nasa? Mazan ne dai ba su sani ba, su kam har gobe."

Sai muka ji muryar Inna daga bakin ƙofarta. Ta ce, "Ashe shekara huɗu ina gadin ƙofar da take a buɗe." Ta yi kamar za ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi. Maman Tagwaye ta je ta rungume ta, ni kuma na kunna murhun, wuta ta fito shuɗiya.

Saboda mazan nan, da duk wanda bai zo tsakar gidanmu ranar ba, na rubuta wannan, kuma da izinin Inna. Wanda Baba ya taɓa ce wa "Dafa," ya kaɗa sabulu ya sake dubawa, ya kira wani ya taya shi shaƙa. Saƙon ke nan, na sauke.

Bayan arba'in Inna ta ba ni akwatin. Sifanun suna ciki, da gwangwanin madara da sabulu ya bushe a gindinsa, da regileta uku da ban san masu su ba. Jan zaren yana nan a hannun akwatin, ya koɗe ya yi baƙi saboda riƙo, don shekara huɗu yana ɗauka da shi a haka, mutane suna zaton ado ne. Maigidana ya ce in kwance. Na ce wanda ya ɗaura bai taɓa kwance nasa don kukan wani ba, ni ma ba zan kwance ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata makwancinsa, Ya tsare shi daga wuta kamar yadda ya tsare mu daga tamu ta duniya. Ya kuma mayar masa da hancinsa a inda ƙamshi yake.